Wayar wuta da babu rubutu a jikinta: ta yaya kuka gane girmanta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na buɗe soket a gidan da na tare, wayar ta tsufa, rubutun jikinta ya goge. Ina so in sa hita a layin. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Mai gyaran wuta: Wa'alaikumus salam. Fara kashe wuta daga bireka, ka tabbatar da testa. Sannan kar ka yarda da ido. Ina yaro wurin maigidana na taɓa rantsuwa wata waya 2.5 ce (girman ƙarfen cikinta ke nan, a murabba'in milimita), da muka fere robar sai ga 1.5. Robar ce mai kauri, jan ƙarfen ciki siriri. Tun ranar kalifa, wato ma'aunin kauri, nake ɗorawa a kan ƙarfen tsirara. Waya mai sili ɗaya, in kaurinsa milimita 1.38 ne, 1.5 ce; in 1.78 ne, 2.5 ce; in 1.13 ne, 1.0 ce.

Ɗalibar injiniya: Oga, tawa mai sili bakwai ce, na auna su a dunƙule lissafi ya ƙi fita. Ashe sili guda ake aunawa, a ninka kaurin da kansa, a ninka da 0.785, sannan da yawan silin. Na samu 0.67, ya ba ni kusan 2.5.

Wani magidanci: Ni ba ni da kalifa. Guntayen waya masu rubutu na jera kusa da ita, na kuma gwada ramukan filayar fere waya. Amma na so in yi kuskure, don wayar ƙasa (earth) na fara gwadawa, alhali a kebul mai faɗi na 2.5 ita 1.5 ce.

Mazaunin Amurka: Nan lambar AWG, ma'aunin girman waya na Amurka, ake bi, kuma a juye take: 14 ta fi 12 siranta. Ta 14 milimita 1.63 ce, birekanta amfiya 15 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Ta 12 kuwa 2.05, amfiya 20.

Mai gyaran wuta: Na manta, ka kankare ƙarfen da wuƙa. Na taɓa samun wadda awonta daidai amma soket na ɗumi, da na kankare sai fari ya fito: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Mai tambaya: Na gode, Oga. Na aro kalifa, 1.38 na samu, ciki ja ne. Hita dai sai na ja mata layinta daban.