An kwafe zanen ledar kilishina, ina da haƙƙi a kai?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman lauyoyinmu na Legas.

Kilishi nake sayarwa a Agege. Hoton da ke jikin ledata da manhajar ƙirƙirarriyar basira na fitar da shi, sannan na zauna na sauya launi, na gyara ƙahon bijimin, na ɗora rubutun ajami da hannuna. Yanzu wani a Mile 12 ya buga shi sak a tasa ledar, suna kawai ya canza. Da na yi masa magana sai ya ce wai zanen na'ura ba shi da mai shi.

Kaina ya ɗaure. A Amurka kotu ta yanke a 2023 cewa sai abin da ɗan Adam ya ƙirƙira ake ba kariya, Ingila kuwa dokarta ta 1988 tana kare aikin kwamfuta shekara 50. Tamu ta 2022 tana son a ga ƙoƙarin da mutum ya zuba har aiki ya zama nasa na kansa. Gyaran nan nawa ya kai?

In kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ne, ko rajistar tambarin kasuwanci ta fi? Hoton farko da gyararren duk suna wayata.