Katin Biyan Kuɗi a Ƙasar Waje: Shawarwarin Matafiyan Katsina

A tattaunawar da wasu 'yan kasuwa da masu zuwa Umara suka yi a Katsina, shawarar da ta rinjaya ita ce mutum ya buɗe asusun dala, ya karɓi katin Visa ko Mastercard a kansa, domin katin naira, ko da banki ya amince a yi amfani da shi a waje, yana da iyakar abin da za a kashe, kuma bankin ne ke yanke farashin canji.

An fi daɗewa a kan na'urar POS. Idan mai shago a Makka ko Dubai ya tambaya da wane kuɗi za a biya, a zaɓi na ƙasar, wato riyal ko dirhami, saboda zaɓen dala yana ba masu na'urar damar ɗora nasu farashin na canji, wanda galibi ya fi tsada. A ganina, nan ne aka fi tafka asara ba tare da an lura ba.

ATM kan caji mutum duk lokacin da ya cire kuɗi, don haka gara a cire da yawa a karo ɗaya. Masu tsallakawa Maraɗi kuwa sun ce sefa a hannu ta fi kati amfani a kasuwa.