Karon farko zan shiga jirgi zuwa Gwanzu, ya zaman ikonomi yake?

Ɗan_Kwari:
Salam ƴan uwa. In sha Allah wata mai kamawa Maigida zai tura ni Gwanzu saro kaya, an yankar min tikitin ikonomi, wato na kujerun masu rahusa, daga Kano sai Adis Ababa sai China, kuma ni ko Abuja ban taɓa zuwa a jirgi ba. Abin da ke damuna dogo ne ni sosai, ko a mota gwiwata tana min ciwo in na daɗe a zaune, ga shi an ce daga Adis kaɗai awa 10 ne da ɗoriya. Don Allah ya ake yi da ƙafa, da abinci, da sallah?

Alhaji_Singa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na bi hanyar nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma magana ɗaya zan riƙe maka, kujera. Kar ka bari sai ka je filin jirgi su ba ka abin da ya rage, da zarar an buɗe cek-in, wato rajistar shiga jirgi, ta intanet, yawanci kwana ɗaya kafin tashi, ka shiga ka zaɓi ta bakin hanya ko ka sa ejen ɗinka ya zaɓa maka. Zuwana na farko windo na nema don in ga gajimare, ashe tafiyar dare ce ba abin gani sai duhu, mutum biyu na barci a gefena na bakin hanya har da minshari, na gabana ya kwantar da kujerarsa har tana taɓa gwiwata, fitsari ya matse ni amma kunyar tashinsu ta hana ni motsi, da muka sauka wallahi takalmina ƙin shiga ya yi don kumburi. In kana bakin hanya duk awa biyu sai ka miƙe ka taka zuwa baya ka dawo, likitoci ma suna gargaɗi zama wuri guda yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. In da hali nemi layin ƙofar gaggawa, nan ne wurin miƙe ƙafa, sai dai wasu kamfanonin sai ka ƙara kuɗi.

Maman_Iman:
Allah ya kai ka lafiya. Ka shiga da rigar sanyi da safa, sanyin ciki ba wasa kuma bargon da suke bayarwa shara-shara ne. Iskar ciki busar da maƙogwaro take, ka yawaita shan ruwa kar ka ji nauyin tambaya, yana cikin kuɗin tikitinka. Abinci ka sa ejen ya rubuta maka na Musulmi tun kwana biyu kafin tafiya. Turare ko mai a jakar hannu kar kwalba ta wuce mil 100, pawa bank kuma a hannu ake riƙe shi ba a babban akwati ba. Lokacin sauka ka tauna cingam saboda toshewar kunne.

Malam_Na_Fagge:
Batun sallah matafiyi ne kai, kana da kasaru da haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Ka yi alwala tun a ƙasa don banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi, kuma jiƙa shi cutar da na bayanka ne. A filin jirgin Bole na Adis ka sauke abin da ya samu. In lokaci zai fita kana sama ka yi a zaune. Ka lura China tana gaban Najeriya da awa 7, kar ka bi agogon Kano.

Ɗan_Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, yanzu zan kira ejen kan maganar kujerar. Alhaji, Hajiyarmu ta ce za ta haɗa min kilishi, zan iya tafiya da shi?

Alhaji_Singa:
Ka ɗauki daidai wanda za ka cinye a hanya. China ba sa bari a shigar musu da nama ko busasshe ne, kwastan za su karɓe a Gwanzu.