Neman kalma: me za mu kira "prescription review" da Hausa?

Mai harhaɗa magunguna: Salamu alaikum. Muna rubuta takardar horas da ma'aikatan asibiti kan antibayotik, wannan kalma ta tsaya mana. An kawo "binciken takardar magani", amma likita na jin "bincike" sai ya ɗauka laifi ake nema masa, ya daina ba da haɗin kai.

Likitan yara: Gaskiya ne, Malam. Kuma aiki biyu ne aka cusa a suna ɗaya. Na farko kafin a ba da magani: shin cutar ta bakteriya ce, ko mura ce da antibayotik ba ya yi mata komai? Adadin ya dace da nauyin yaro da lafiyar ƙoda? An rubuta kwana nawa za a sha? An ɗebi jini ko fitsari kafin allurar farko? In aka ɗiba bayanta, sau da yawa ƙwayar ba ta tsirowa a ɗakin gwaji. Wannan ni "tantancewa" zan kira shi.

Malamar jinya: Na biyun fa, Likita? Nan ake ɓarna. A sa wa mutum ceftriaxone, wani antibayotik na allura, ranar da aka kwantar da shi, mako ya zagayo ana ta yi, ba wanda ya ce a tsaya. Haka maganin kariya na tiyata, wanda bai kamata ya wuce awa 24 ba, sai a kai shi kwana biyar.

Likitan yara: Shi ne komawa kan takardar bayan awa 48 zuwa 72, da sakamakon gwaji a hannu: a tsayar, ko a sauya zuwa mai ƙunƙuntar aiki, wato mai kashe ire-iren bakteriya kaɗan, ko a bar allura a koma na sha. Raba antibayotik rukuni uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2017 yana taimakawa: amoxicillin na rukunin farko, ceftriaxone na rukunin sa ido, colistin na ajiya.

Malamin Hausa: "Bita" ta zo kusa, sai dai yanzu kunne ya saba da ita a taron ƙara wa juna sani. Ku ɗauki "waiwaye". Mai waiwaye bai ce ya ɓata hanya ba, dubawa kawai yake.

Mai harhaɗa magunguna: To, mun tsaya a nan: "tantance takardar magani" a kantin magani, "waiwayen magani" a gefen gado rana ta uku. Hajiya malamar jinya, a sa wa waiwayen gurbi a katin majinyaci, da wurin sa hannu.