Kiɗan Kandamawa

Malam na Agege:
Assalamu alaikum. Jigon wannan makon shi ne mu ƙago al'ummar da babu ita a duniya, mu yi mata kiɗan gargajiya. Na raɗa musu suna Kandamawa. Amsa-amonmu "wa" ne, kowa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake fara waƙa,
Mai ba da baiwa, Mai rayawa.

Na kafa tsibiri can cikin teku,
Na zaunar da mutanena Kandamawa.

Ba su noman gero, ba su kiwo,
Taru da koma suke ta jefawa.

In jirgi ya tsufa ba a faskara shi,
A gaɓa ake kife shi don bugawa.

Maza bakwai, kowa da sandar tuƙi,
Kifau ce sunanta, nesa take kaiwa.

Mahaucin Oko-Oba:
Allah gafarta Malam, ina da ja.

Malam, ka ɗora gini ba tushe,
Ganga ba fata yaya take amsawa?

A kwata na tashi, kalangu namu ne,
Fatar akuya, tsarkiya na matsawa.

A hammata ake danna shi ya yi magana,
Ya kira kakan mutum ya miƙe da rawa.

Tsibirinka ba akuya ba saniya,
Ba doki, izgar goge ba ta samuwa.

Katako bisa katako ai sassaƙa ce,
Tsikar jikin namiji ba ta motsawa.

Hajiya ta Idi-Araba:

Ɗana, tsaya in tanka maka,
Kiɗan mata ka tsallake wajen ƙirgawa.

Ƙwarya muke kifewa a kan ruwa,
Ba fata, amma unguwa na amsawa.

Shantu ma duma ne, a cinya ake buga shi,
Da shi muka raka amare masu tarewa.

To matan Kandama ba su jiran maza,
In rana ta yi sanyi ruwa suke faɗawa.

Iya ƙugu suke shiga su yi sahu,
Da tafin hannu ruwan suke marawa.

Kowane gida da salon bugunsa,
Miji na nesa ya ji, ya san ana nemawa.

Mai abinci ta sauke, yara na jira,
Ya naɗe tarunsa ya kama dawowa.

Ɗan Mile 12:
Inna ta gama magana. Yaya mahauci, ka tuna damina a garin nan.

Yaya, ka san halin iskar Legas,
Laima take ɗauke da ita tana rabawa.

Makaɗan dambe in sun zo da kalangu,
Fata ta saki, muryar ta kan dishewa.

Sai an kai ta rana ko bakin wuta,
Kafin ta yarda ta koma ɗaurewa.

Wanda ke kwana da tashi a kan ruwa,
Ice da ruwa ne ba sa ba shi matsuwa.

Mahaucin Oko-Oba:

Ƙanena, laima gaskiya ce,
Amma kirari ba a barin sa ga mantuwa.

Ƙoƙon goge da me ake rufe shi?
Fatar guza, kuma guza na son ruwa.

Ku ba ni 'yar ganga guda mai magana,
Ta ambaci gwanin da ya iya nutsewa.

Baba Mai Goro:
Yarana, sannunku da ƙoƙari. A 1977, lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin ruwan Ikoyi kallon wasan jirage, kowane jirgi da makaɗansa, matuƙa na bin bugun ganga. Na kuma halarci bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, a kogin Matan Fada. Da abin da idona ya gani zan yi muku tambaya. Ni da ƙwar biyar na saba.

Dundufa ta maƙeri ce a maƙera,
Gangar noma tana tashe a karkara,
Kakaki sai sarki, ba a yi wa yara,
Tambari ma a fada yake yin ƙara,
To kifau wa take wa kirari da zugawa?

A Matan Fada na ga gora da homa,
Makaɗa cikin jirgi suna ta fama,
Kowa na fatan giwan ruwa ya kama,
Kiɗan ke sa mai tsoro ya bar kyarma,
Irin wannan aikin nake son taku ta iyawa.

Sannan kiɗa a wurinmu ai gado ne,
Ɗa ya karɓa gun uba, tsarin haka ne,
Sarkin kiɗa a gaba, 'yan amshi baya ne,
Ladansu riga da doki, ko kuɗi ne,
A tsibirinku da me ake sallamawa?

Ruwa na da daɗi, ruwa na da haɗari,
Ran da iska ta taso da baƙin hadari,
Jirgi ya fita da safe da kyakkyawan shiri,
Har dare ya raba ba a ji labari,
Me makaɗanku suke yi ran rasuwa?

Malam na Agege:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayoyin nan sun fi waƙata nauyi, ga abin da ya samu.

Kifau ta masunta ce, Baba,
Da asuba take tashin su don fitowa.

Kifin farko da taru ya kamo,
Rabon makaɗa ne, ba a sayarwa.

Gida bakwai ke riƙe da sandunan,
Uba ga ɗansa yake miƙawa.

In jirgi ya fita bai dawo ba,
Shida ke kiɗa, gurbi ɗaya ba a cikewa.

Bugu shida sai a tsaya a nisa,
Kowa ya san wanda ake tunawa.

Hajiya ta Idi-Araba:

Malam, ka bar mana kwana uku tukuna,
Mata ba sa saurin sallamawa.

Salon gidansa dukanmu za mu ɗauka,
Ko yana wani lungu yana saurarawa.

Sai ran na huɗu mu fito mu bar muku,
Mu je ga matarsa da abinci da gaisuwa.

Mahaucin Oko-Oba:
Inna, wannan baitin ya taɓa ni. 'Yar gangata ma ba za a buga ta a kwanakin nan ba.

Saura biki, Baba bai tambaya ba,
Amarya a jirgi za a kai ta tarewa.

Inna ta tsara mana waƙar rakiya,
Ni da ƙanena mu ne masu amsawa.

Malam ya faɗi gidan da ke tuƙa ta,
Da kifi nawa dangin ango ke biyawa.