Shawarwarin masu haɗa jirgi a garejin gida

A Amurka akwai masu haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsu, su kuma tuƙa shi. Da suka tattauna kan kayan kariya, sun fi nanata na'urar gano iska mai guba da ke fitowa daga salansa. Iskar ba ta da wari. Sai dai matuƙi ya ji kai na sarawa, barci na ɗibarsa. Sai na'urar kiran ceto mai aika sigina a zangon rediyo na 406 MHz, don tun 2009 tauraron ɗan'adam ya daina sauraron tsohuwar mai aikawa a 121.5 MHz.

Ni abin da ya fi burge ni ƙungiyar EAA ce, ta masu haɗa jiragen sama da masu sha'awarsu: tsofaffin hannu na zuwa kyauta su duba aikinka kafin ka rufe fiffike. Suka ce kira su ko sau uku ne, ba kunya.