Tambaya kan zaman natsuwa a haikalin Buda

Binta: Assalamu alaikum. Ina karatun musayar ɗalibai a Chiang Mai ta ƙasar Tailan, kuma an gayyace mu zaman natsuwa (zama shiru don tattara hankali) a haikalin Wat Suan Dok, wurin ibadar mabiya addinin Buda. Don Allah, me zan tarar?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Za ki cire takalmi a ƙofa, ki rufe kafaɗu da gwiwoyi, kuma kada ki miƙe ƙafa wajen gunkin Buda, domin raini ne a wurinsu. Ba a yarda mace ta taɓa malaman addininsu ba, ko ta miƙa musu abu hannu da hannu.

Hajiya Rabi: 'Yata, zaman ne mai wuya, domin za ki tanƙwashe ƙafa shiru kina bibiyar numfashinki har gwiwa ta yi tsami. Su kan rusuna wa gunkin sau 3, amma ba a tilasta wa baƙo.